Ƙarshen Fim a Bakin Ɗanliti

Da sassafe ake kai batir caji Gujungu,
a bayan keken Hambali, ɗaure da tsohon zani,
ya dawo da la'asar, da nauyi kamar ɗan maraƙi.
Mu kuwa tun azahar mun share ƙofar gidan Ɗanliti,
mun yayyafa ruwa, mun shimfiɗa buhunan taki.

Akwatin baƙi-da-fari ne, mai ƙofa biyu kamar kabad,
eriyarsa a kan gora, can ƙololuwar darbejiya.
Ni ne ɗan hawa.
"Juya gabas! Ya isa! A'a, koma kaɗan!"
Sai tsakin geron nan ya washe daga gilashi,
wata mai ɗigo a goshi ta fito tana hawaye.
Ni ina sama: rabon idona ganye,
rabon kunnena shewar mutane.

Tashar Kano ba ta san alƙawari ba.
A ce ƙarfe tara, sai sanarwar ɗaurin aure ta ci rabin awa.
Jarumi ya ɗaga gora zai rama wa ubansa,
sai ga wani mai hular dara yana tallan maganin ƙwari.
Kafin a dawo an yi sulhu,
ba mu san wanda ya ba wani haƙuri ba.

Ɗanliti ya sani.
Shekara tara ya yi yana naɗe faifai a wata silima a birni
kafin a mai da ita ɗakin ajiye siminti.
"Nan sun yanke," in ji shi, goro a kunci.
"A nan akwai doki. A nan akwai waƙa cikin ruwan sama
da ba a so yara su gani."
Ba ya jin Indiyanci ko na anini,
amma in uwar jarumi ta buɗe baki
shi ke ara mata Hausa:
"Ɗan nan, ka dubi nonon da ka sha."
Inna Tabawa, daga bayan zana, ta ce, "Gaya masa dai!"

Can sai batir ya gaji.
Hoto ya tsuke ta sama, ya tsuke ta ƙasa,
dogaye su gajarce kamar an danna su a turmi.
Jarumi na tsakiyar kogi, igiya ta tsinke,
duniya ta koma ɗigon haske ɗaya, kamar ƙwayar wake,
sannan duhu, da kukan gyare.

Ba mai tashi.
Ɗanliti ya tofar da tuƙa, ya gyara zama,
ya fito da jarumi daga ruwa da bakinsa,
ya shanya masa riga, ya biya masa sadaki,
ya sa mugu ya tuba a gaban alƙali.
Mu watse da murna, muna tuntuɓe da kututturen dawa.

Bara, a shagon caji a Ringim,
wani yaro ya tura min fim ɗin a waya.
Na zauna gindin tsamiya na kai shi ƙarshe.
Ashe bai fito ba.
Ruwa ya ci shi, hularsa kaɗai ta kai gaɓa.
Na nemo wasu shida, na bi su ɗaya-ɗaya:
huɗu da makoki suka ƙare.

Ɗanliti, da ka binne 'ya'ya uku a damina biyu,
ba ka taɓa barin ɗan kowa ya mutu a ƙofar gidanka ba.
Allah ya kai haske kabarinka,
wanda ba ya tsukewa.

Jiya na kunna wa Ummita.
Da igiya ta tsinke na kife wayar a cinya,
na ce caji ya ƙare.
Ta ce, "Baba, ya fito?"
Na nemi goro a aljihu.
Na gyara zama.